Makarantar da ta fi tsada ita ce babu kowa a ciki: halin da sakandaren gwamnati ke ciki a Shikago

A unguwar Austin, can yammacin birnin Shikago na Amurka, akwai wata babbar sakandare ta gwamnati mai suna Frederick Douglass. Ginin ƙato ne, an yi shi don ɗaruruwan ɗalibai. A 'yan shekarun nan yaran da ke cikinsa gaba ɗaya, tun daga aji 9 har aji 12, ba su kai 40 ba. Duk da haka dole a biya shugaban makaranta da akawu da mai gadi da mai shara. Dole a kunna na'urar ɗumama ɗakuna a hunturun Shikago mai daskarar da jini, dole a gyara rufi idan ya yi yoyo. Idan aka raba wannan kuɗi a kan yaran, abin da ake kashewa kowane ɗaya ya haura dala 60,000 a shekara, wato ninki uku ko fiye na abin da ɗalibin birnin ke samu a matsakaici.

Tafiyar da ba ta kai kilomita 15 ba daga nan, wajen tsakiyar gari, akwai wata sakandaren mai suna Walter Payton. Ita ma ta gwamnati ce, hukuma ɗaya ke riƙe da su. Ɗalibanta sun haura dubu, kusan dukkansu suna wucewa jami'a, kuma sunanta ba ya ɓacewa a jerin makarantun da suka fi fice a ƙasar baki ɗaya. Abin da ake kashewa ɗalibinta bai kama ƙafar na Douglass ba.

Wanda ya hangi waɗannan alƙaluma daga nesa zai yanke hukunci nan take, ya ce ai ga shi nan, kuɗi ba ya sayen ilimi. Masu neman a zaftare kasafin makarantun gwamnati sun daɗe suna kafa hujja da irin wannan kwatance. Ni dai ina ganin kuskure ne babba, domin ruwa ba ya tsami banza. Tsadar Douglass da ficen Payton abu ɗaya ne ya haife su: tsarin da ke tankaɗe yaran birni tun suna 'yan shekara 13, ya kwashe gari ya kai wuri ɗaya, ya bar tsaki a wani wurin, sannan a zo a auna makarantun biyu da mudu ɗaya.

Sai an ɗan fahimci yadda ake tafiyar da makarantu a Amurka kafin maganar ta zauna. Gwamnatin tarayya ba ta riƙe da firamare ko sakandare. Kowane yanki yana da hukumarsa ta makarantu, kuma irin waɗannan hukumomi sun haura 13,000 a faɗin ƙasar. Abin da tarayya ke bayarwa bai cika wuce kashi 10 cikin ɗari ba. Sauran yana fitowa ne daga asusun jiha da kuma harajin gidaje da filaye na yankin. Ma'ana, garin da gidajensa ke da tsada makarantunsa sun wadata, garin talakawa kuwa sai abin da hali ya yi. Wasu iyaye daga San Antonio ta jihar Texas sun kai ƙara kan wannan batu, maganar ta kai har Kotun Ƙoli, a 1973 kotun ta ce tsarin mulkin tarayya bai sanya ilimi cikin haƙƙoƙin da ya wajaba a daidaita ba. Tun daga nan kowace jiha ke fama da nata.

Hukumar makarantun Shikago tana cikin huɗu mafi girma a ƙasar. Tana da ɗalibai wajen 320,000 da kasafin da ya kusa dala biliyan 10 a shekara. Kusan rabin yaran 'yan asalin Latin Amurka ne, galibi daga iyalan da suka fito daga Mekziko. Baƙaƙen fata sun kai kimanin kashi 35, Turawa kimanin kashi 11, ragowar 'yan Asiya ne da sauransu. Wajen bakwai cikin goma 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne, kuma kusan ɗaya cikin huɗu yana kan koyon Turanci domin ba shi ake yi a gidansu ba. Abin lura shi ne Turawa sun kai kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen birnin, amma a ajin gwamnati ɗaya ne cikin tara. Da yawansu suna makarantun kuɗi da na cocin Katolika, wasu kuma da zarar yaro ya isa shiga makaranta sai su koma garuruwan da ke kewaye da birnin.

Farkon shekarun 2000 ɗaliban hukumar sun haura 430,000. To ina sama da yara dubu ɗari suka tafi? Haihuwa ta ragu, wannan gaskiya ne, amma babban giɓin daga baƙaƙen fata ya fito. A ƙidayar 2000 baƙaƙen Shikago sun haura miliyan ɗaya. Zuwa 2020 sun dawo ƙasa da 800,000. An rushe manyan benayen gwamnati da talakawa ke zaune a ciki, irin su Robert Taylor da Cabrini-Green. Masana'antun da kakanninsu suka baro kudancin ƙasar dominsu sun rufe. Rikicin bashin gidaje na 2008 ya raba dubban iyalai da muhallinsu, ga kuma harbe-harbe da suka hana uwa barci. Mai hali ya tattara ya koma bayan gari, ko Indiana, ko Atlanta da Houston. A da rabin ɗaliban hukumar baƙaƙe ne. Unguwannin kudu da yamma su ne suka zube, kuma a can ne manyan gine-ginen sakandare suke tsaye har yau.

Abin da ke sosa rai shi ne waɗannan unguwanni sun taɓa kuka da cunkoso. A farkon shekarun 1960 makarantun baƙaƙe sun cika maƙil, ana karatu kashi biyu, safe da rana, alhali akwai kujeru ba kowa a makarantun Turawa. Shugaban hukumar na lokacin, Benjamin Willis, ya gwammace ya jera azuzuwan kwano masu kama da tirela a filin wasan yara da ya bar su su tsallaka layi. Ranar 22 ga Oktoba, 1963, ɗalibai sama da 200,000 suka ƙaurace wa aji don nuna fushi. Jikokin waɗancan yara ne yau ke yawo a farfajiyar da babu kowa.

A daidai lokacin da yara ke raguwa, birnin sai ƙara buɗe makarantu yake yi. A 1995 majalisar jihar Illinois ta damƙa ragamar makarantun a hannun magajin gari Richard M. Daley. Shi da mutanensa sun yi imani da gasa: a ba iyaye zaɓi, makaranta mai kyau ta ja yara, maras kyau ta gyara ko ta mutu. An buɗe Northside a 1999, Payton a 2000. A 2004 aka ƙaddamar da shirin buɗe sababbin makarantu kusan 100, da yawa daga cikinsu irin waɗanda ƙungiyoyi masu zaman kansu ke gudanarwa da kuɗin gwamnati. Aka samu na horon soja, na fasaha, na sana'a. Yau manyan sakandare a birnin sun kai wajen 150. Sakamakon shi ne kusan uku cikin huɗu na ɗaliban sakandare ba sa zuwa makarantar unguwarsu.

Ƙololuwar wannan tsari su ne makarantu 11 da ake shiga da jarrabawa. Daga cikinsu akwai Payton da Northside da Jones da Lane Tech da Lindblom, da kuma Whitney Young inda Michelle Obama ta yi karatu. Maki 900 ake tarawa. Rabi daga sakamakon yaro na aji 7 a manyan darussa huɗu, rabi daga jarrabawar shiga da yake rubutawa a aji 8. Ka duba nauyin wannan a kan yaro ɗan shekara 12 ko 13. Idan a aji 7 mahaifinsa ya rasa aiki, ko aka tashe su daga gidan haya, ko malamin lissafinsu ya tafi aka yi wata uku ana canja masu riƙon ƙwarya, makin da ya zube a wannan shekara zai bi shi har ƙofar jami'a.

Hukumar ba ta jahilci wannan ba. Daga 1980 zuwa 2009 tana ƙarƙashin umarnin kotun tarayya na cuɗanya launin fata, wanda ya ƙayyade kujerun da Turawa za su samu a irin waɗannan makarantu. Da alƙali ya ɗage umarnin, sai aka ɓullo da wata dabara. Kashi 30 na kujeru na waɗanda suka fi kowa maki ne, ko daga ina suka fito. Sauran kashi 70 ana raba su daidai tsakanin rukuni huɗu na unguwanni, gwargwadon samun iyalai, da zurfin karatun manya, da yawan masu gidan kansu, da yawan gidajen da uwa ko uba kaɗai ke riƙe da su, da yawan waɗanda ba Turanci ne harshensu ba. Yaro zai yi takara ne da 'yan rukuninsa. Wanda ya san yadda makin shiga kwalejojin haɗin kai na tarayya a Najeriya ke bambanta daga jiha zuwa jiha zai gane manufar, zai kuma gane irin gunagunin da take jawowa. A Shikago ɗan unguwar masu hali yana buƙatar maki dab da 900 kafin ya shiga Payton ko Northside, ɗan unguwar talakawa kuwa zai iya shiga da ƙasa da haka nesa ba kusa ba.

Dabarar ta taimaka, ba zan musa ba. Manyan makarantun Shikago sun fi takwarorinsu na New York cuɗanya. Amma ba ta kai inda ake so ba. A Payton da Northside da Jones rabon Turawa ya ninka rabonsu a hukumar sau biyu zuwa uku ko fiye, baƙaƙe kuma sun yi ƙaranci, yayin da makarantun jarrabawa na kudancin birni, irin su King da Brooks, galibin ɗalibansu baƙaƙe ne. Adireshi ake dubawa, ba aljihun uba ba, don haka likita ko lauya da ya sayi gida a unguwar da ta fara farfaɗowa zai iya cin rabon da aka ware wa ɗan mai wanke-wanke a otal.

Ga wani abu da ya kamata duk uban da ke hana kansa barci a kan wannan jarrabawa ya sani. Masu bincike daga cibiyar nazarin makarantu ta Jami'ar Shikago da reshen babban bankin ƙasar da ke birnin sun bi sawun yaran da suka tsallake makin shiga da ƙyar, da waɗanda suka faɗi da ɗan kaɗan. Yara ne masu ƙwazo iri ɗaya, maki biyu ko uku ne ya raba su. Bayan shekaru sai aka ga waɗanda suka shiga ba su fi waɗanda aka bari ci a jarrabawa ba. 'Ya'yan unguwannin talakawa da suka shiga ma makinsu na aji ya ɗan yi ƙasa. Inda suka yi riba shi ne kwanciyar hankali: sun ce sun fi samun tsaro, sun fi jin daɗin abokan karatu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga yarinyar da ke tsoron hanya. Amma yana nuna cewa galibin ficen da ake yaba wa makarantar, yaran ne suka zo da abinsu.

Yanzu a juya a dubi makarantar unguwa. Ita ce ba ta da ikon cewa a'a. Yaron da bai ci jarrabawa ba nata ne. Wanda iyayensa ba su san an buɗe rajista a intanet ba nata ne. Wanda aka kora daga wata makarantar a tsakiyar zango, wanda ke kwana a gidan 'yan uwa yau nan gobe can, wanda ke da buƙata ta musamman, wanda ya sauka daga motar baƙin haure jiya bai iya ko gaisuwa da Turanci ba, duk nata ne. Yaran unguwar da za su ja aji gaba kuwa, tun duhun asuba suna tsaye a tashar bas cikin ƙanƙara, jaka a baya, hannu a aljihu, za su hau bas su sauka su hau jirgin ƙasa, tafiyar awa guda ko fiye zuwa wani ɓangaren gari. Bas ɗin yakan wuce ta gaban makarantar da ke bayan gidansu. Idan sakamakon jarrabawar aji 11 ya fito aka ga a wasu makarantun unguwa waɗanda suka kai mizanin lissafi ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, sai a ce malamai sun gaza. Wasu sun gaza, babu shakka. Amma wanda aka ba jaki ya yi sukuwa da doki, ba daidai ba ne a tuhume shi da rashin iya hawa.

Kuɗi kuma ya zo ya ƙara wa wutar fetur. Daga 2013 hukumar ta koma ba kowace makaranta kuɗi gwargwadon kawunan da ke cikinta, wajen dala 5,000 a kan kowane ɗalibin sakandare, ban da wasu ƙare-ƙare. A takarda adalci ne tsantsa. A aikace kuwa, idan yara 20 suka bar makaranta, albashin malami guda ya tafi. Shugaba zai zauna ya zaɓi wanda zai sallama. Ba zai taɓa malamin Turanci ko na lissafi ba, don haka na kiɗa zai tafi, ko na Faransanci, ko mai kula da laburare. Shekara mai zuwa uwa ta zo duba makarantar, ta tarar babu ajin kimiyya mai zurfi, babu ƙungiyar wasa, laburare a kulle, sai ta kai ɗanta wani wuri. Wasu 20 su sake tafiya. Haka abin ke tafiya har makaranta mai ɗaukar dubu ta koma ɗari biyu, ta koma ɗari. A nan ne alƙaluman ke yaudara: kuɗin kowane kai yana hawa domin ginin da ma'aikatan dole ba sa raguwa, amma abin da yaron ke samu a aji sai ƙanƙancewa yake yi. A 2024 hukumar ta yi watsi da wannan tsari, ta koma ba kowace makaranta wasu ma'aikata na tilas komai ƙanƙantarta, sannan a ƙara wa mabuƙata. Gyara ne mai ma'ana, sai dai ya zo bayan ɓarna ta yi nisa, kuma wasu manyan makarantu sun koka cewa daga bakinsu aka cire.

Shi kansa babban asusun a rame yake. Kafin 2017 Illinois tana cikin jihohin da suka fi kowa zalunci wajen rabon kuɗin makarantu, saboda dogaro da harajin gidaje. Ka je garin Winnetka da ke arewa da birnin, inda sakandaren New Trier take, ka ga yadda unguwar attajirai ke ciyar da makarantarta alhali yaran talakawa a cikinta ƙalilan ne. A watan Agustan 2017 gwamna Bruce Rauner ya sa hannu a sabuwar doka. Ana lissafa abin da kowace hukuma ke buƙata bisa yawan talakawa da masu koyon Turanci da masu buƙata ta musamman, sannan jiha ta riƙa ƙara dala miliyan 350 duk shekara, a fara da waɗanda suka fi nisa da mizani. Doka ce mai kyau, amma da wannan tafiyar hawainiya ba za a cike giɓin a 2027 kamar yadda aka yi alkawari ba. Bisa lissafin jihar da kanta, Shikago tana bin sama da dala biliyan 1 a shekara.

Sannan ga tsohon bashi. Shikago ce kaɗai a jihar ke da asusun fanshon malamai nata na kanta, sauran hukumomin jiha ce ke ɗaukar nauyin nasu. Dokar 1995 ta ba birnin damar karkatar da harajin fansho zuwa wasu ayyuka, aka yi kusan shekara 10 ba a zuba komai ba. Yau asusun bai kai rabin abin da ake binsa ba. Ban da wannan, hukumar na ɗauke da bashin dogon zango na wajen dala biliyan 9. Ɗaruruwan miliyoyi ke tafiya kowace shekara wajen biyan bashi da ruwansa kafin a sayi alli. Yaron da ke aji 9 yau yana biyan kuɗin shawarar da aka yanke tun ba a haife shi ba.

Tallafin annobar korona, kimanin dala biliyan 2.8 daga tarayya, ya rufe wannan rami na ɗan lokaci. An ɗauki dubban ma'aikata: masu koyar da yara a ƙananan rukuni, masu ba da shawara, ma'aikatan jinya. Kuɗin ya ƙare a 2024. Rigimar yadda za a cike gurbinsa ce ta kai ga dukkan mambobin hukumar bakwai suka yi murabus a watan Oktoban 2024, sabuwar hukuma kuma ta sallami shugaban makarantun birnin, Pedro Martinez, a Disamba, bayan ya ƙi yarda da ciyo bashi mai tsadar ruwa da magajin gari Brandon Johnson ya nema. Johnson tsohon malami ne, kuma daga ƙungiyar malamai ya fito.

Duk da wannan jerin matsaloli, wanda ya ce makarantun Shikago ba su ci gaba ba bai yi musu adalci ba. A 1987 sakataren ilimi na ƙasa, William Bennett, ya kira su mafi lalacewa a Amurka. Shekara 30 bayan haka Sean Reardon na Jami'ar Stanford ya nuna cewa tsakanin aji 3 da aji 8 yaran Shikago suna samun ci gaban shekara 6 cikin shekara 5, abin da ya fi na kusan dukkan hukumomin ƙasar. Yawan masu kammala sakandare ya tashi daga ƙasa da kashi 60 a farkon shekarun 2010 zuwa sama da kashi 80. An taɓa kama hukumar a 2015 tana rubuta yaran da suka daina zuwa a matsayin waɗanda suka canja makaranta, aka tilasta mata gyara alƙaluman, amma ko bayan gyaran hawan na gaske ne.

Abin da ya kawo wannan hawa shi ne ya fi burge ni a labarin gaba ɗaya, domin ba gini ba ne, ba kuma gasa ba. A tsakiyar shekarun 2000 Elaine Allensworth da John Easton na Jami'ar Shikago suka gano cewa makomar ɗalibi tana bayyana ne tun a aji 9. Yaron da ya gama wannan shekara da cikakkun darussansa, bai faɗi fiye da zango ɗaya a babban darasi ba, damarsa ta kammala sakandare ta ninka ta wanda ya kauce fiye da sau uku. Wannan ma'auni ya fi makin jarrabawar shiga, ya fi launin fata, ya fi talaucin gida iya hasashen wanda zai kai ƙarshe. Kuma yawancin masu faɗuwa ba don kwanyarsu ba ta ja ba ne, fashin zuwa ne ke kayar da su.

Sai makarantu suka fara wani aiki mai kama da na uwa. Malaman aji 9 su zauna duk mako da takarda a gabansu, sunan kowane yaro da kwanakin da ya yi fashi da makinsa. Wance ta rasa darasin farko sau huɗu a mako biyu, me ya faru? A bincika, a tarar ita ke kai ƙannenta firamare kafin ta taho. A sauya mata jadawali. Wane bai kawo aikin gida ba tun farkon wata, wa ya fi shiri da shi a cikinmu? Kai ne, to ka same shi yau kafin a tashi. A kira gida tun a watan Oktoba, kada a jira sai sakamako ya fito a Janairu. Cikin shekara 10 yawan yaran da ke gama aji 9 lafiya ya tashi daga kashi 57 zuwa kusan 90, kuma samarin baƙaƙe da na Latin Amurka, waɗanda aka saba yanke wa ƙauna, su ne suka fi cin riba. Mafi yawan wannan aiki a makarantun unguwa aka yi shi, waɗannan dai da ake yi wa kallon juji. Shaidar kammalawa ba ita ce ilimi ba, na sani, kuma makin yara da yawa a karatu da lissafi har yanzu abin damuwa ne, ga fashin zuwa da ya ƙaru ƙwarai bayan korona. Amma matashin da ke riƙe da takardar sakandare da wanda ya fice a aji 10 ba rayuwa ɗaya ke jiransu ba.

Saura tambayar da kowa ke kauce wa: a rufe irin su Douglass ko a bar su? Mai lissafi zai ce a rufe, kuma yana da hujja. Yaro 30 ba sa haɗa ƙungiyar ƙwallo, ba sa cika ajin kimiyyar sinadarai, kuma kuɗin da ke tafiya wajen ɗumama ɗakunan da babu kowa zai yi amfani a makarantun kudu maso yamma da arewa maso yamma inda 'ya'yan Latin Amurka ke cunkushe. Amma mutanen kudu da yamma sun ga rufewa da idonsu. A 2013 magajin gari Rahm Emanuel ya rufe makarantu kusan 50 a lokaci guda, galibi firamare. Yara wajen 12,000 abin ya shafa, kusan tara cikin goma baƙaƙe. An yi musu alkawarin makarantu mafi kyau. Binciken Jami'ar Shikago daga baya ya nuna karatunsu ya ja baya tun daga shekarar da aka sanar da rufewar, gine-gine da yawa kuma suka zama kufai a tsakiyar unguwa. Kafin nan, a 2009, an kashe wani ɗalibin sakandaren Fenger ɗan shekara 16 a kan hanyarsa ta komawa gida, a faɗan da mutane da yawa suka danganta da tura yaran wata unguwa zuwa makarantar wata unguwar. Daga nan ne aka faɗaɗa shirin jera manya masu riguna masu ƙyalli a bakin titi safe da yamma don raka yara da ido.

Shi ya sa a 2015, da aka rufe sakandaren Dyett da ke yankin Bronzeville, iyaye da kakanni suka yi kwana 34 suna yajin cin abinci har hukuma ta sauko, aka sake buɗe ta a 2016 a matsayin makarantar fasaha da ke karɓar 'yan unguwa. A Englewood kuwa wata hanya aka bi: an amince a 2018 a rufe sakandare huɗu da suka zube, aka gina sabuwa guda ta dala miliyan 85 wadda ta buɗe a 2019. Ra'ayina shi ne haɗe wasu makarantun ba makawa ne, amma ba a yi wa mutum aski a bayansa. Sai an fara gina wurin da yaron zai koma, an tabbatar da hanyarsa, an kuma bar kuɗin da aka tsimi a cikin unguwar. Kuma muddin ana ci gaba da tankaɗe yara a aji 8, duk makarantar da aka haɗe yau za ta iya sake zubewa gobe.

Baƙin da gwamnan Texas Greg Abbott ya fara turowa a motoci tun Agustan 2022, galibinsu 'yan Benezuwela, sun ɗan tsayar da raguwar ɗalibai, har wasu makarantun baƙaƙe da ba su taɓa buƙatar malamin Sifaniyanci ba suka wayi gari suna nemansa ido rufe. A Nuwamban 2024 mutanen Shikago suka zaɓi mambobin hukumar makarantu a karon farko, 10 daga cikin 21 na hukumar da aka faɗaɗa, sauran magajin gari ya naɗa. An tsara cewa daga Janairun 2027 dukkansu zaɓaɓɓu ne, kuma a wannan shekarar ce alkawarin dakatar da rufe makarantu ke ƙarewa. Fayil ɗin Douglass da na 'yan uwanta irin su Manley da Hirsch yana cikin na farko da za a ajiye a gaban waɗannan mutum 21, kowannensu kuma yana da unguwar da ta zaɓe shi.